Ranar da Na Nuna Gonar Ɗan Jimma da Anten

Ku samarin da ke leƙo shagona a Gazawa, na ji abin da kuke faɗa. Wai aikina, ni Issufu, zaman kallo ne: a soka ƴar kile, na'urar nan mai tsawon yatsa, a jikin ordinata, wato kwamfuta, a kafa anten a bakin taga, a miƙe ƙafa ana kallon layuka masu launi suna gangarowa. Wani cikinku har cewa ya yi sati guda ya ishe shi ya ƙware. To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai na tsufa ina bin abin da ke yawo cikin iska, kuma har yau in zan kunna na'urar nan a gaban taro sai na gwada ta na sake gwadawa tukun. Ku gyara zama ku ji dalili.

Rediyon farko da na taɓa buɗewa na wani mai saida gyaɗa ne, a rumfar maigidana Laminu cikin kasuwar Agiye. Na kwance kusoshi huɗu, na ga wayoyi, hannuna ya kai ga ƙarfen dalma. Maigida ya make mini yatsu da gindin turnabis, abin kwance kusoshi. "Wa ya aike ka? Kunna shi tukun. Mi ka ji?" Na ce na ji shuuu. Ya ce, "Shuuu iri nawa ne a duniya?" Wata shida na yi a rumfar nan ban narka dalma ko ɗigo ba, sai saurare. Akwai gurnanin da ke cewa batir ya mutu. Akwai tsatsar da ke cewa waya ta saki a ciki. Akwai kuma ƙarar da ba daga rediyon take ba sam, daga injin niƙan maƙwabci take shigowa, mai kaya yana rantsuwa rediyonsa ya lalace alhali lafiyarsa lau. Laminu mutum ne mai zafi, bai taɓa ce mini sannu ba, amma kunnen da nake ci da shi yau shi ya yi mini shi. Allah ya jiƙansa.

Da aka buɗe gidan rediyon jama'a a yankinmu sai aka ɗauke ni mai kula da injuna. Na hau ƙarfen anten cikin zafin bazara har tafina ya saɓule, na yi dambe da gurup, injin ba mu wuta, ranar da ya ƙi tashi ana jiran labarai. Daga nan aka tura mu horo Maradi na kwana uku, wata injiniya da muke kira Madam ta raba mana kilen nan ɗai-ɗai.

Ga yadda take aiki, don wanda bai taɓa riƙewa ba. Rediyon gida tasha ɗaya yake kamawa a lokaci guda, kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ita kuwa kile, in ka haɗa ta da ordinata da anten, sai ta buɗe maka ƙofar gaba ɗaya. Duk wanda ke watsa wani abu a iska layinsa zai fito a allo. Gidan rediyo layinsa kauri ne da shi, kuma ba ya yankewa, yana can zangonsa na gidajen rediyo. Toki kuwa, wato ƴar rediyon hannu irin ta jandarma da direbobin manyan motoci, nata zangon daban ne, layinta siriri, ya fito ya ɓace, ya fito ya ɓace, don mai magana sai ya danna ya saki. Ka ɗora alama a kan layin da kake so, sai ka ji abin da ke cikinsa.

Aikin da ya fara ɗaga sunana na wata likita ce, wato ƙaramin asibiti, a ƙauye kusa da Agiye. Rediyon da suke kiran motar marasa lafiya da shi ya koma sai ƙara, daga hantsi har yamma. An canza batir, an canza waya, shiru. Na je na kunna kile, na ga zangon nasu ya cika da datti kamar an watsa toka. Ina da wani anten da na ƙera da kaina, ƙarafan tsohuwar lema a jere a kan sanda, inda ka nuna bakinsa can yake ji. Na riƙe shi ina juyi, inda dattin ya yi ƙarfi na bi. Na tsaya wuri uku dabam-dabam, duka ukun suka nuna mini rumfa ɗaya: ta mai cajin waya, da wani akwatin juya wutar rana na arha da ya sayo a bakin iyaka. Na ce ya kashe. Yana kashewa allo ya washe, rediyon likita ya yi magana tas. Matar da ke karɓar haihuwa a wurin har guɗa ta yi.

Shi ke nan, sai aka sa mini suna mai ganin iska. Aka riƙa kirana: nan tasha ta hau kan tasha, can rediyon direbobi ta toshe. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye muku ba. Na sayo wani ɗan ampili da ake sa wa tsakanin anten da kile don ƙara ƙarfi, na riƙa cika baki cewa yanzu ko tarin mutum a Zinder sai na gani.

Sai mummunar shekara ta zo. A yamma, wajen Gidan Rumji, ɓarayi masu bindiga suka matsa wa ƙauyukan kudu. Su shigo su kore dabbobi, su tafi kamar sun san kowane garke da inda yake kwana. Mutane suka ce lallai akwai mai ba su labari a kusa, kuma da toki yake yi. Wani mai gari a ƙasar Gidan Sori, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ya aiko mini takanas. Saƙon gajere ne: in zo in duba musu iska.

Kamata ya yi in ƙi zuwa. Wannan aikin hukuma ne, ba na mai gyaran rediyo ba. Amma an ce mai ganin iska ake nema, ni kuma sunan ya yi mini daɗi.

Na isa ran Litinin da hantsi. A lokacin ba mai kwana a hanya, ba kuma mai bari magariba ta same shi a daji, don haka na sauka gidan wani abokina a Tibiri, in zo da safe in koma tun da sauran rana. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar Mai Gari, ƙarƙashin bishiyar bedi. Na haɗa kaya, na sa ampili, na buɗe zangon toki. Gari kaf ya taru a bayana. Tun hantsi har azahar ba komai, allo fes. Aka fara gajiya, wasu suka watse. Ana sallame la'asar sai wani layi ya tsiro.

Na ɗora alama a kansa. Magana ce, amma a dagule, kamar mutum na magana da bakinsa cikin tulu. Wani dattijo da ya yi kiwo da ƙuruciya ya matso da kunne. Ya ce, "Fillanci ne wanga." Ya ƙara saurare, ya ce ana ambaton shanu, kuma ya ji sunan ƙauyensu da na ƙauyen gaba. Ni kuwa rana ta fara sunkuyawa, na naɗe kaya na hau moto.

Ran Talata haka aka yi. Safiya ba komai, ana la'asar layin ya dawo. Wannan karon ba wanda ya watse. A gabana akwai Gagare, shugaban masu sintirin gari, ƙato mai jan ido, wanda ɓarayin suka kore wa shanun huɗa suka kuma harbi ƙanensa a cinya. Ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Malam, an ce sandar nan taka tana nuna inda magana ta hito. Nuna muna."

Ku saurara da kyau, don nan ne wurin. Idona ya ga abu biyu da ba su yi mini ba. Layin ya fi na toki kauri. Kuma ba ya yankewa, mutum ɗaya ke ta zuba ba numfashi, ba mai amsa masa. Kunnen da Laminu ya yi mini ya ce akwai magana. Amma mutum ɗari na kallona, an yanka mini kaza, an kira ni mai ganin iska. Na ce wa kaina wataƙila irin tasu tokin ce daban. Na miƙe, na ɗaga anten, na yi juyi a hankali. Gabas shiru. Kudu kaɗan-kaɗan. Da na kai tsakanin yamma da arewa sai layin ya yi ja wur, maganar ta ɗaga. Na tsaya a nan da sanda a miƙe.

Ban ambaci sunan kowa ba. Wallahi ban ambata ba. Cewa kawai na yi, "Daga wannan gefen take." Wuri ɗaya na tsaya, ban je na biyu ba balle na uku, don lokaci ya ƙure ina son kama hanya.

Ashe a wannan gefen, bayan gari kaɗan, gonar wani tsoho ce Ɗan Jimma. A cikin gonar kuma akwai rugar wani Bafillace, Baffa Juli. Duk rani in an kwashe hatsi Juli ke sauka nan da iyalinsa, shanunsa su kwana a gonar su zuba taki, Ɗan Jimma ya ba shi damman hatsi, haka suke tun suna da ƙarfinsu. Ruga ɗaya ce tak a wannan layin. Ban sauke sanda ba na ji sunan yana yawo a bayana, ƙasa-ƙasa, daga baki zuwa baki.

Ɗan Jimma ya kutso gaban Mai Gari. "Ranka shi daɗe, Juli ne fa! Tare munka tsufa. Ɗiyanai a gabanmu anka haife su. Mutumin da ko waya ba ya da ita!"

Gagare ya ce, "Baba, ba mu munka hwaɗi ba. Na'ura ta hwaɗi."

Matasa suka fara neman sanduna. Mai Gari ya daka tsawa, ya ce ba wanda zai taka gonar nan sai ya aika sama wajen hukuma ya ji amsa, a ba shi zuwa Juma'a. Gagare ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Mun ba ka, ranka shi daɗe. Amma in an sauko Juma'a, ko an ji ko ba a ji ba, rugar nan ba ta ƙara kwana." Kowa ya san abin da yake nufi, don a wani ƙauye can gaba an yi irinta, kuma ba bukkoki kaɗai aka ƙona ba.

Ni me na yi? Na naɗe kayana na tafi. Na ce wa kaina nawa aikin na gama, saura nasu. Laraba da rana ina Gazawa.

Ranar da yamma na zauna a shagon nan, a kan bencin da kuke zaune, na haɗa kayan yadda suke don in share su. Ban taɓa komai ba, ampili na jiki, zangon toki a buɗe. Anten na jingine a bango, bakinsa na kallon ƙarfen gidan rediyonmu. Ina kunnawa sai ga layi, mai kauri, ba ya yankewa. Na ɗora alama. Magana a dagule, kamar cikin tulu. Sai dai wannan muryar na san ta ko a mafarki: abokin aikina ne, yana karanta sanarwar rasuwa a gidan rediyonmu. A zangon toki, inda ba shi da abin yi ko kaɗan.

Na miƙa hannu na cire ampili. Layin ya ɓace ɓat. Na mayar, ya dawo. Na cire, ya ɓace.

Ai Madam ta faɗa mana. Ranar ƙarshe ta horo, da yamma, ta ce kilen nan arha ce, in ka ɗura mata ƙarfin da ya fi cikinta sai ta yi amai: ta ɗauki tashar da ke kusa ta zana ta a wurin da ba nata ba. Layi ne da babu shi a iska, a cikin kilen aka haife shi. Ta nuna yadda ake gwadawa, abu na ƙiftawar ido. Ni kuwa rabin darasin na ji, don na sulale kasuwa sayen dalma kafin a rufe.

Na hau kiran ɗan Mai Gari, wanda lambarsa ke wayata. Ba ta shiga. A ƙauyen sai an hau tudu ake samun layin waya. Na kira har yatsana ya gaji. Na kira abokina na Tibiri, ya ce ko an ba shi moto kyauta ba ya shiga can da yammar nan, kuma in ya je ma wa zai saurare shi? Gaskiya ya faɗa. Bakin da ya ɓata shi ne zai gyara, kuma ba da baki kawai ba, sai sun gani da idonsu. Layin kuwa da la'asar yake fitowa. La'asar ɗaya ta rage kafin Juma'a.

Ga wata damuwar. Ni ban san da wani gidan rediyo kusa da ƙauyen ba. In babu fa? In toki ce ta gaskiya? Abin da na gani a shagona bai wanke kowa ba tukuna.

Alhamis ana sallame asuba ina tasha. Mota ta ƙi cika. Mutum biyu ake jira, direba na shan shayi yana hira kamar ba shi zai tuƙa ba. Na ce in biya kujerun, ya dube ni ya ce, "Alhaji, haihuwa ce?" Na ce ta fi haihuwa. Muka tashi. A Agiye aka tsaya ɗora buhunan wake. Kafin Cadawa taya ta fashe, wadda za a canza ita ma ba iska. Na tsaya bakin kwalta rungume da jaka ina kallon inuwata tana gajarcewa. Kowane shingen jandarma sai an sauko, sai an buɗe jaka, sai na yi bayanin sandar lema. Wani ya juya kilen a hannunsa ya ce waƙoƙin wa ke ciki. Na ce babu waƙa. Ya ce to mi amfaninta.

Azahar ta same ni Maradi. A Tibiri ƴan kabu-kabu uku suka ƙi ni da jin sunan ƙauyen. Na huɗu, wani mai furfura a gemu, ya ce zai kai ni amma ba zai jira ba. Muna cikin yashi na sa baki a kunnensa na ce, "Akwai gidan rediyo nan kusa?"

Ya ce, "Akwai sabo, tun kaka anka buɗe." Ya ambaci garin. Yana bayan ƙauyen ne, tsakanin yamma da arewa. "Da wutar rana suka aiki, sai la'asar su ka buɗewa. Da cigiyar Fulani su ka farawa, wanda dabba tai ta ɓace. Mu sai bayan magariba mu ka kamawa, lokacin gaishe-gaishe."

Na ce masa don Allah ya ƙara wuta.

Da muka shiga gari na ga abin da ban so ba. A gindin bedi matasa na zaune suna feƙe sanduna, wasu na gyara bindigar toka. Suka tashi da murna, "Mai ganin iska ya dawo!" Gagare ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ɗauka ƙarin shaida na kawo.

Na faɗi gaban Mai Gari na ce, "Ranka shi daɗe, a tara mutane, a kuma aro mini rediyon gida, ko ta wa ce." Aka kawo wata ƴar baƙa da aka ɗaure murfin batirinta da roba. Na haɗa kayana kamar ran Talata, na jingine anten a kan turmi, bakinsa na kallon gonar Ɗan Jimma. Na ce wa mai rediyon ya kamo mini sabuwar tashar. Ya murɗa, sai shuuu. Ba su buɗe ba tukuna.

Aka yi la'asar aka dawo. Allo fes, rediyo shuuu. Na dubi batirin ordinata, ya ci rabi tun a shingayen hanya inda aka sa ni kunnawa. Lokacin da layin ya saba fitowa ya yi, ya wuce. Mutane suka fara duban juna. Gagare ya ce, "Juli ya ji labari ya ɓoye tokin." Wani ya ce to mi ake jira har gobe. In yau batirin tashar bai cika ba, in mai karatun bai zo ba, ba ni da komai a hannu sai bakina, bakin da ya riga ya yi ɓarna. Na kafa wa ƴar baƙar rediyon ido ina karanta duk addu'ar da na iya.

Sai ta yi ƙwas, ta yi tari, murya ta fito tangaran tana sallama da Fillanci. A daidai wannan lokacin layin ya tsiro a allo.

Na ɗaga muryar ordinata, na ajiye ta gefen rediyon. Na ce, "Ku saurara, ku duka." Nan magana a dagule, nan magana tas, amma tare suke tashi, tare suke tsayawa. Mai karatu ya yi tari, duka biyun suka yi tari. Na kira dattijon nan mai jin Fillanci na ce ya faɗa wa jama'a abin da rediyon ke cewa. Ya saurara, ya ce cigiya ce: saniya ja mai karyayyen ƙaho ta ɓace tsakanin ƙauye kaza da kaza, wanda ya gani ya taimaka. Na ce su dubi allo. Na cire ampili, layin ya ɓace, rediyo na ci gaba da magana. Na mayar, ya dawo. Sau uku na yi.

Sannan na miƙe. Na ce, "Jama'a, babu toki. Ba a taɓa yin ta ba. Gidan rediyon can na'urata ta kwaso ta zuba inda ba wurinsa ba, don na ɗura mata abin da ya fi ƙarfinta. Sandata ba rugar Juli ta nuna ba, ƙarfen tashar da ke bayanta ta nuna. Ni na yi kuskure, na kuma ga alama ran Talata na yi shiru don kunya. Mutumin nan ba ruwansa."

Can wani ya ce daga baya, "Talata ka ce haka, yau ka ce haka. Wace za mu ɗauka?" Na ce su ɗauki wadda suka gani da idonsu, ga rediyo ga na'ura, duk mai so ya zo ya cire da hannunsa. Gagare ya matso. Ya cire, ya mayar, ya cire. Ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago, idonsa ya ƙara ja, amma muryarsa ta sauka.

"To Malam, in ba shi ba ne, wane ne? Ƙanena na nan kwance. Ɗauki sandar ka nuna muna."

Na tausaya masa har cikin raina. Na ɗauki anten na zare ƙarafan ɗaya bayan ɗaya na zuba a jaka. Na ce, "Ba ni da wanda zan nuna."

Mai Gari ya ce kowa ya ji ya gani, duk wanda ya taka gonar Ɗan Jimma gobe shi da kansa zai miƙa shi ga jandarma. Matasa suka watse suna jan sanduna a ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, na iso kan lokaci.

Ɗan Jimma ya taɓa kafaɗata. Ya ce, "Taso mu tahi ka hwaɗa mashi da bakinka."

A hanya yake gaya mini. Tun ran Laraba da safe aka hana shanun Juli rijiya. Matansa sun shigo da nono, ba wadda ta saya, wata ta kifar musu da ƙwarya a bakin kasuwa. Yara suka bi su da jifa har bayan gari. Shanu ba sa jiran Juma'a da ƙishirwa, don haka ƴaƴansa maza suka kore su arewa tun jiya.

Muka iso gonar. An kwance bukkoki, sai da'irar wurin da kowace ta zauna. Jakuna uku na tsaye da kaya, mata na ɗaure ƙore a cikin raga, ba wadda ta ɗago ta dube mu. Baffa Juli na zaune a kan buzu, siririn tsoho da farin rawani, sanda a kan cinya. Na cire takalmi na durƙusa. Na gaishe shi, ya amsa da kyau, har ya tambaye ni gajiyar hanya. Na faɗa masa komai tun daga farko, ban rage ba. Na ce gari ya gani, Mai Gari ya yi magana, ba mai taɓa shi. Na ce, "Baffa, ka yafe mini. Ka sa a sauke kayan nan."

Ya ce, "Ina abin? In gani."

Na ciro kilen na sa masa a tafi. Ya juya ta, ya kai ta kusa da ido, ya auna nauyinta.

"Wanga ne ya ce ni ne?"

Na ce, "Ni ne na ce, Baffa. Ita ba ta san komai ba."

Ya miƙo mini ita. "Kai baƙo ne, ba ka san ni ba. Na yahe maka." Ya juya fuska wajen gari, inda hayaƙin girkin yamma ya fara tashi. "Su sun san ni."

Ɗan Jimma ya fara roƙo, yana haɗa shi da Allah, yana cewa ko kwana biyu ya ƙara zukata su huce. Juli ya dafa sanda ya miƙe, ya je ya ja igiyar kayan jaki ya ƙara mata ƙulli. Sannan ya kama hannun abokinsa ya ja shi gefen gona, ni ina biye. Akwai wata aduwa a nan, a gindinta duwatsu jere a ƙasa, wuri biyu, ɗaya dogo ɗaya ɗan ƙarami.

Juli ya ce, "Uwar ɗiyana ce kwance nan, da autanta. Kullum ni ka tsayawa in ana huɗa. Bana ba ni nan. Ka gaya ma masu garma su kewaye."

Ɗan Jimma ya ɗaga kai. Juli ya yi wa matan magana da Fillanci, suka kaɗa jakuna suka nufi arewa. Muka tsaya a gindin aduwar har suka shige cikin sabara.